Ƙari a kan yaro: tambayoyinku, amsar likita

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 6 ya yi wata biyu yana tashi da ciwon kai da amai da asuba, yanzu har tangaɗi yake. Hoton MRI ya nuna ƙari a ƙeya, an ce sai tiyata. Kakarsa ta ce ba za a fasa kan jikanta ba. Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Ki lallashi Kaka, amma kada a jinkirta. A ƙeya ne ƙaramar ƙwaƙwalwa take, wadda ke daidaita tafiya, shi ya sa tangaɗin. Ƙarin kuma yakan toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa, ruwa ya taru, kwanciyar dare ta ƙara matsi, yaro ya wayi gari da amai. Wani lokaci sai an fara sa siririn bututu da zai sauke ruwan zuwa cikin ciki.

Iri biyu sun fi fitowa a wurin. Akwai astarosaitoma mai tafiyar hawainiya, wadda in an cire ta duka galibi shi ke nan. Akwai medulobulastoma, ita daji ce, bayan tiyata sai gasa wurin da hasken na'ura da kuma maganin daji (ƴan ƙasa da shekara 3 ne ake kauce wa gasawa, naki ya wuce nan). Sai an kai tsokar ɗakin gwaji za a tabbatar da wacce ce. In likita ya ce ya bar ɗan guntu saboda ya manne da jijiya, kada ki ɗauka sakaci ne. Ni na fi amincewa da irin wannan hannun.

Ki kuma shirya zuciyarki: wasu yaran, kwana ɗaya ko biyu bayan aikin, sukan ɗauke magana su yi ta rigima. Ba iska ba ce. Maganar kan dawo cikin makonni ko watanni, ko da yake wasu sai da horon magana.

Tambaya: An ce ƴata mai shekara 10 tana da ƙari a ƙasan ƙwaƙwalwa, kuma ta hanci za a cire. Anya kuwa? Daga wani uba a Zariya.

Amsa: Ƙwarai, Malam. Bayan hanci akwai wani kogon ƙashi, ta nan ake zura kyamara da kayan aiki har gindin ƙoƙon kai. Ƙarin da aka fi gani a yara a wurin yana zaune ne kusa da jijiyar gani da ƙullin da ke sarrafa girma. Don haka ko an cire, tana iya buƙatar maganin sinadaran jiki na dogon lokaci. Bayan aiki a lura da yawan ƙishirwa da fitsari, da ruwa garai-garai mai ɗiga daga hanci. Wannan ba majina ba ce, yana iya zama ruwan ƙwaƙwalwa, a koma asibiti nan take. Banda fyace hanci.

Tambaya: Ƙanena ɗan shekara 15, hancinsa ɗaya a toshe, ga yawan haɓo. Wanzami ya ce zai cire tsiron.

Amsa: Kul! Akwai ƙari mai cike da jijiyoyin jini da ke fitowa samari a bayan hanci, ko a asibiti sau da yawa sai an toshe jijiyoyin kafin a sa wuƙa. Ku kai shi wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika, a fara da hoto.