Kafin ka zargi kyamara, sa kunne

Jiya muna naɗe wayoyi ka ce mini, "Maigida, laccar awa biyun nan da na ɗauka wa malamin lissafi, ɗalibai ba su kalla ba. Ko kyamarar ce ta tsufa, mu canja?" Na ce ka bari sai na duba. To, ɗana, na kunna laccar, na juya wa allon baya da gangan, na sa kunne kawai. Kyamara ba ta yi maka laifin komai ba.

Ka kafa ta a bayan aji, ka bar makirufon da ke jikinta ya ɗauki magana. Abin da ya shigo shi ne ƙugin fanka, da jan kujeru, da tarin wani a layin ƙarshe, sai muryar malam can ƙasa kamar daga cikin rijiya. Duk lokacin da ka ninka nisa tsakanin baki da makirufo, ƙarfin murya na raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ita kuwa hayaniyar ɗaki tana nan daram. Ɗalibi zai haƙura da hoto dishi-dishi, amma in sai ya yi kokawa kafin ya ji kalma, minti biyu ya rufe.

Ka maƙala wa malam ƙaramin makirufo a riga, kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, inda yadi ba zai riƙa gogarsa ba. Sabon batir kullum. Hedifon kuma kada ya bar kunnenka har a tashi. Na taɓa ɗaukar lacca guda cur ina kallon hoto ina jin daɗi, ashe tun minti na goma wayar makirufo ta zare. Ka sa ido kan ma'aunin sauti, ƙololuwarsa ta tsaya tsakanin desibel -12 da -6. In ya bugi ja, murya ta fashe, kuma babu manhajar da za ta ɗinke maka ita yadda take. Kafin a fara, ɗauki shirun ɗakin na daƙiƙa 30, da shi Audacity, manhajar gyaran sauti, zai gane ƙugin da zai rage. Sannan ka roƙi malam, in ɗalibi ya yi tambaya, ya maimaita ta da bakinsa kafin ya amsa, in ba haka ba mai kallo zai ji amsa babu tambaya.

Sai maganar tsawo, wadda ta fi nauyi. A 2014 wani mai bincike, Philip Guo, da abokan aikinsa sun bi diddigin kallo miliyan 6.9 a darussan edX, wani dandalin karatu ta intanet, suka ga cewa komai tsawon bidiyo, akasarin ɗalibai ba sa wuce kusan minti shida suna kallo. Sun kuma ga cewa laccar aji, ko an yayyanka ta, ba ta riƙe mutane kamar wadda aka shirya don bidiyo tun farko. Wato aiki biyu ne a hannunka, kai kuwa ka haɗa su a buhu ɗaya.

Laccar aji ta wanda ya yi fashi ce da mai bita. Bar ta da tsawonta, ka yanke jiran farko, ka rubuta lokacin da kowane batu ya fara. Kada fuskar ɗalibi ta fito sai da izininsa.

Darasin koyarwa kuwa zama ake yi. Ka sami ƙaramin ɗaki mai labule da littattafai, domin bango tsirara amsa-kuwwa yake yi. Batu ɗaya, bidiyo ɗaya. Ka buɗe OBS, manhajar ɗaukar bidiyo, ya ɗauki allon kwamfuta, malam yana warware lissafin da hannunsa yana bayani, irin yadda Salman Khan, wanda ya kafa dandalin koyarwa na Khan Academy, ya fara a YouTube a 2006. Idon ɗalibi na bin alƙalami. Shafin da aka cika da rubutu ana karanta masa shi ke sa shi gyangyaɗi. In malam ya yi tuntuɓen harshe, kada ka tsayar. Ya tafa sau ɗaya, ya numfasa, ya maimaita jimlar. Wajen tacewa za ka ga tafin ya miƙe tsaye kamar ƙusa a layin sauti, nan za ka yanka. Amma kada ka share kowane numfashi, mutum ne ba inji ba.

In ka gama, tura wa wayarka ka kalla. In sai ka matse ido kafin ka karanta lambobin, a sake su da manyan baƙi.

Da ka koma wurin malamin, kada ka ce masa laccarsa ta gundure su. Ka tambaye shi wane wuri ne ɗalibai suka fi faɗuwa a jarrabawa, ka ce ya ba ka rabin awa ku fara da shi.