Yadda Die Prinzen suka yi suna da waƙar Jamusanci

Malam, ka tambayi yadda aka yi ƙungiyar mawaƙan Jamus ta Die Prinzen ta shahara, alhali da Jamusanci kaɗai take waƙa.

Tushen abin horon murya ne tun suna yara. Huɗu daga cikin mawaƙan biyar sun taso a Thomanerchor, ƙungiyar yaran mawaƙan coci ta birnin Leipzig wadda Bach, shahararren mai tsara kiɗa, ya taɓa jagoranta. Na biyar, Jens Sembdner, daga Kreuzchor, irin wannan ƙungiya ta birnin Dresden, ya fito. Shi ya sa suke iya cika waƙa ba kayan kiɗa: ɗaya ya ja baiti, mai kaurin murya ya riƙe ƙasa a madadin jita, sauran su yi amshi a tsakiya. Salon ba ya yafiya, domin mutum ɗaya ya sauka daga sautinsa, duk sauran sai su bi shi.

Sun fara a 1987 a Jamus ta Gabas da sunan Die Herzbuben. Bayan haɗewar Jamus sai sunan ya zama matsala, saboda akwai Wildecker Herzbuben, masu waƙar gargajiya da suka riga suka karɓe shi. A 1991 suka sauya suna zuwa Die Prinzen, furodusa Annette Humpe ta shirya musu faifan farko, "Das Leben ist grausam". "Küssen verboten" ya biyo baya a 1992, sai "Alles nur geklaut" a 1993.

Daga baya ganga da jita suka ƙaru a waƙoƙinsu. A ganina barkwancinsu ne ya raya su, kamar "Deutschland" ta 2001 da ke zolayar Jamusawa. Lafazinsu kuma a fili yake, har malaman Jamusanci na sa waƙoƙinsu a aji.