Filin Tambayoyin Turanci: Kalmomin Suka da na Hani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shirin rubuta JAMB, kuma ƙamus ɗina ya fassara criticize, rebuke, reprimand, condemn da censure duka da "suka" ko "zargi". Idan suka zo tare a tambayar neman kalma mafi kusa da ma'ana, wacce zan ɗauka? Daga wata ɗaliba, Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Fassara kaɗai ba za ta fitar da ke ba. Ki koma cikin jimlar ki duba abu uku: wa ke magana, mene ne matsayinsa a kan wanda ake yi wa maganar, kuma a gaban wa ake yin ta.

Criticize ita ce mai faɗi, kowa na iya yi wa kowa. Manomin shinkafa zai iya yi wa gwamnati ita kan tsadar taki, kuma "for" ke biyo ta kafin a ambaci laifin. Rebuke tsawa ce ta baki, nan take kuma da zafi, irin wadda uba ke yi wa ɗansa. Idan nasiha ta fi zafin yawa, admonish ce. Reprimand kuwa ta wurin aiki ce, daga shugaba zuwa na ƙasa da shi, sau da yawa a rubuce, har ta shiga fayil ɗin ma'aikaci. Kada ki haɗa ta da query. Ita query takardar neman bayani ce kawai, sai amsar ta kasa gamsarwa sannan a kai ga hukunci.

Condemn ita ce Allah wadai. Mai faɗinta ba gyara yake nema ba, yana shelanta cewa abin ya munana ƙwarai, kamar harin 'yan bindiga a kan ƙauye. Kuskure ne a ce malami ya yi condemn ɗin ɗalibi saboda makara, kalmar ta fi ƙarfin laifin. Tana da wasu ma'anoni biyu da masu jarrabawa ke son ɗana tarko da su: yanke wa mutum hukuncin kisa, da bayyana gini a matsayin wanda bai dace a zauna ciki ba.

Censure ta majalisa ce ko ƙungiyar ƙwararru, kuma yawanci da ƙuri'a ake yin ta. A 1834 Majalisar Dattawan Amurka ta yi wa Shugaba Andrew Jackson ita kan rikicin bankin ƙasa, amma ya ci gaba da mulkinsa, aka kuma soke ta a 1837. Kin ga ke nan ba tsigewa ba ce. Duk inda kika ga majalisa, ƙudiri ko ƙuri'a a cikin jimla, ki fara duba censure.

Tambaya: Malam, censure da censor ɗaya ne? Ɗalibaina na musanya su kullum. Daga wani malamin sakandare, Ƙauran Namoda.

Amsa: Ba ɗaya ba ne, Malam. Censor tacewa ce: a duba fim ko littafi ko labari a cire abin da ba a yarda da shi ba kafin ya kai ga jama'a, aikin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ke nan. Ka koya masu ta kunne: censure tana da sautin "sh" a tsakiya, censor kuwa "s" ce zalla. Asalinsu guda ne, daga muƙamin wani jami'i a tsohuwar daular Rum wanda ke ƙidayar jama'a yana kuma sa ido kan ɗabi'unsu, kuma daga tushen nan ne census, wato ƙidaya, ta fito.

Tambaya: Ina aikin buga takardu kusa da kotu. Restrain, refrain, restrict da abstain suna ruɗa ni. Daga wani mai shagon kwamfuta, Gusau.

Amsa: Ɗan'uwa, ka tambayi kanka wa ke riƙe wa. Restrain riƙe wani ake yi, da hannu ko da umarnin kotu, don haka dole a ambaci wanda aka riƙe: "an order restraining the defendant from selling the land". Refrain mutum ne ke kame kansa, ba ta ɗaukar sunan wani a bayanta, sai "from" da aikatau mai ƙarewa da "-ing". Duk takardar da ka ga an rubuta "refrain him from" ko "refrain to enter", ka nuna wa mai ita ya gyara kafin ka buga, domin a takardar kotu irin wannan kuskuren na rage mata ƙima.

Restrict ƙayyadewa ce, ba hani gaba ɗaya ba. Idan aka ce babura su daina fita da dare amma su yi aiki da rana, restrict aka yi. Idan aka hana su kwata-kwata, kalmar "ban" ce ko prohibit. Abstain kusa take da refrain, sai dai ta fi zuwa a wuri biyu: ƙaurace wa abin da rai ke so, kamar ci da sha ga mai azumi, da kuma ɗan majalisar da yake zaune a zauren amma ya ƙi jefa ƙuri'a ga kowane ɓangare. Wanda bai halarci zaman ba, absent ake rubuta masa.