Amsa: Shin harshen Malta Larabci ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko 'yan Malta, tsibirin nan da ke Tekun Bahar Rum, Larabci suke yi, kuma me ya sa suke ji da harshensu haka.

Tushensa Larabci ne, irin na Sisili (tsibiri a kudancin Italiya) da Arewacin Afirka. Larabawa sun ci Malta a shekarar 870, Normawa (Turawa Kiristoci masu asali daga arewacin Faransa) suka karɓe a 1091, amma harshen ya zauna daram a bakin talakawa. Ji ƙirgarsu: ħamsin, sittin, tmenin. Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a nan. Yawancinsu 'yan Katolika ne, duk da haka Ubangiji "Alla" suke ce masa, azuminsu kuwa "Randan".

Inda mai Larabci ke tuntuɓe shi ne kusan rabin kalmomin daga Italiyanci da yaren Sisili suke, harafin "għ" galibi ba a furta shi, "q" kuwa ta koma hamza. Da boko ake rubuta shi, haruffa 30.

Da can manya Italiyanci suka ɗauka na kotu da ilimi, suna raina wannan a matsayin yaren ƙauye. Sai a 1934 ya zama harshen hukuma tare da Turanci. Sun sami 'yanci daga Birtaniya a 1964, a 2004 kuma Tarayyar Turai ta sa shi cikin harsunanta na aiki.