Matan Falasɗinu: da ƙafarsu suka tsaya ko jingina suka yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Duk labarin Falasɗinu da nake gani, ko dai maza ne ke jawabi, ko mata ke kuka. Shin matan can suna da ƙungiyoyin kansu kuwa? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Suna da su, kuma ba yau aka fara ba. Tun 1929, zamanin mulkin Ingila, mata sama da 200 suka yi taro a Ƙudus, suka kai kokensu gaban babban kwamishina. Sai dai galibin ƙungiyoyin da suka biyo baya a inuwar 'yan siyasa suka girma. Babbar ƙungiyar mata ta 1965 reshen PLO ce, wato ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu. Kwamitin mata da aka kafa a Ramallah a 1978 ma bai jima ba ya dare gida huɗu, kowane da jam'iyyar da yake bi.

Intifadar 1987, wato boren da Falasɗinawa suka yi wa mamayar Isra'ila, ita ce ta buɗe musu ido. Da Isra'ila ta rufe makarantu, mata suka mayar da ɗakunansu azuzuwa. Soja ya damƙe yaro a titi, sai ki ga matar da ba ta taɓa ganinsa ba ta riƙe hannunsa gam, tana cewa ɗanta ne. Amma da aka zo rabon kujeru bayan yarjejeniyar Oslo ta 1993 tsakanin Isra'ila da PLO, sai aka koma tsohuwar waƙa: ku yi haƙuri, a kwato ƙasa tukuna.

A tsakanin nan wasu suka ja gefe. A 1991 aka buɗe cibiyar taimaka wa mata kan shari'a a Ƙudus, a 1994 Jami'ar Birzeit ta fara karatun nazarin mata. Samiha Khalil kuwa ita kaɗai ta fito ta kara da Yasir Arafat a zaɓen shugaban hukumar Falasɗinawa na 1996. A 2019, bayan kisan wata budurwa da aka zargi danginta, 'yan ƙungiyar Tal'at suka fito rana guda a Ramallah da Haifa da Rafah, suna cewa babu 'yantacciyar ƙasa sai da 'yantattun mata.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kuɗi. Cibiyoyin sun rabu da jam'iyyu, amma da yawansu da tallafin ƙasashen waje suke tafiya. Masaniya Islah Jad ta Birzeit ta daɗe tana ƙorafin cewa hakan ya nisanta su da matan ƙauyuka da sansanonin 'yan gudun hijira, waɗanda a da tsofaffin kwamitocin ke bi gida gida.