Abin da ke sa zanen ƙwallonka tsalle-tsalle

Ɗan'uwa, ka ce ka zana hotuna 10 na ƙwallo tana faɗowa, ka jera su a manhajar wayarka, amma ta riƙa tsalle-tsalle maimakon ta sauko sumul, kana tambaya ko ƙarancin hotunan ne ya jawo. Na daɗe ina zanen hotuna masu motsi, kuma na fi zargin tazarar da ka bari tsakanin zane da zane a kan yawansu.

Kowane hoto a fim a tsaye yake cak. Ƙwaƙwalwa ce take ganin abu a nan, ta sake ganinsa a gaba kaɗan cikin ƙiftawar ido, sai ta yanke hukuncin cewa abu ɗaya ne ya matsa. Masanin halayyar ɗan Adam Max Wertheimer ya nuna haka a Jamus a 1912 da layuka biyu da ake haskawa bi da bi: idan aka jinkirta, mai kallo yakan ga ɗaya ya ɓace sannan ɗayan ya fito, idan aka yi saurin gaske ya gan su tare, a tsakanin biyun ne kawai yake ganin layi ɗaya yana tafiya. Nisa ma haka yake, domin idan ƙwallon ta yi nisa ainun da inda take a hoton baya, ko girmanta ya canza, ƙwaƙwalwa ba za ta yarda ita ce ba.

Fim ɗin sinima yana nuna hotuna 24 a daƙiƙa, amma masu zanen katun sukan yi 12 kawai su nuna kowanne sau biyu, kuma ido ya gamsu. Saboda haka naka 10 sun isa faɗuwar da ba ta kai daƙiƙa ba.

Lokacin da na fara, da rula nake auna tazara daidai wa daida, sai ƙwallona ta fito kamar wadda ake zurarawa da igiya. Abin da ya faɗo daga tsaye gudunsa ƙaruwa yake yi, tazarar tana bin lissafin 1, 3, 5, 7, wanda masanin kimiyya ɗan Italiya Galileo ya gano. Don haka zanen farko su kusan hawa kan juna, na ƙasa su buɗe. A wurin da gudun ya yi yawa, ka ja ƙwallon ta ɗan yi tsawo zuwa ƙasa, domin kyamara ma dishi-dishi take ɗaukar abu mai gudu, kuma wannan jan ne yake cike giɓin da ke sa tsallen.

Kafin ka koma waya, ka gwada a kusurwar littafin rubutu, zane ɗaya a kowane shafi, kana ganin inuwar na ƙasa ta cikin takarda, sannan ka saki shafukan da babban yatsa. Shafin da idonka ya yi tuntuɓe a kansa, shi za ka goge ka sake zanawa.