Sai na san Latin kafin in ji daɗin waƙoƙin Palestrina?

Malam, ka tambaya ko wanda bai san Latin ba zai ji daɗin waƙoƙin cocin Turai na ƙarni na 16. Ƙwarai kuwa zai ji. A wata waƙar ibada mai muryoyi shida ta Palestrina, mai tsara waƙoƙin coci ɗan Italiya na wancan ƙarnin, wadda aka buga a Roma a 1567, babu ganga babu kiɗa: wata murya ta fara, wata ta biyo ta, su ɗan yi karo sannan su daidaita, sai ka ji ƙirjinka ya saki.

Sharaɗi ɗaya dai, ka karanta fassarar baitin ko sau ɗaya ne. Ni sai da na san "Kyrie eleison", kalmomin da waƙar ke farawa da su, roƙon rahamar Ubangiji ne, da Girkanci ma, sannan na gane dalilin da ya sa suke jan kalmomin a hankali haka.